Turmin Khairat

Su uku ne a gidan: Malam Giɗaɗo, da matarsa Indo, da 'yarsu Khairat mai shekara bakwai. Suna zaune a hawa na huɗu na wani bene a Hayyin Ashir, ɗaki biyu da falo, tagar kicin tana kallon igiyoyin shanyar maƙwabta. Malam Giɗaɗo ya zo Alƙahira ne karatun ƙira'o'in Alƙur'ani, yana shekararsa ta ƙarshe. Kullum da safe yakan tafi ɗakin karatu a Abbasiya, sai la'asar ya dawo.

Abinci bai yanke musu ba, sutura ma haka. Abin da babu a gidan shi ne tsohuwa. Da a Gusau ne, kakar Khairat za ta riƙa kama haɓarta tana cewa, "Buɗe baki in gani." A nan babu mai yin haka. Abu na biyu kuma, kunnen Indo bai gama kama Larabcin Misra ba. Ta yi makarantar allo har ta sauke, tana jin Larabcin littafi gwargwado, amma in Bamisriya ta buɗe baki kalmomin da gudu suke zuwa, ta kama biyu, goma su wuce.

Wata ranar Litinin ta je ɗauko Khairat daga makaranta. Abla Eman, malamar ajin, ta tare ta a bakin ƙofa, yara suna ta turereniya, motoci suna ta hon. Ta yi magana mai tsawo da sauri, ta ɗora yatsa a kuncinta, ta ce, "Khairat andaha mushkila fid-dirs. Lazim duktur."

Kalmar da malamar ta faɗa ita ce dirs, wato turmin haƙori, wanda ake tauna da shi can ciki. Wasu ɗaliban likitancin haƙori ne suka zo makarantar da safe suka duba bakin yara, suka ga rami a turmin Khairat. Indo kuwa dars ta ji, wato darasi. Ko kalmar duktur ba ta tsayar da ita ba, don mijinta kullum duktur yake kiran malaminsa na jami'a. Kunya ta rufe ta. Ga iyaye tsaye, ga malama tana cewa 'yar mai karatun ƙira'a ta gaza a darasi.

"Tamam, tamam," in ji Indo, ta ja hannun yarinyar suka tafi.

A hanya ta ce, "Khairat, me ya samu karatunki?"

Khairat ta ɗago ta dube ta, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta mayar da ido kan takalminta. Indo ta ɗauka kunya ce.

Da Malam ya dawo, ta ajiye masa abinci, ta ba shi labari da Hausa.

"Abban Khairat, malamarsu ta ce karatunta yana da matsala. Wai har sai an haɗa da duktur."

Ya yi dariya, cokali a hannu. "Duktur kuma? Don 'yar aji biyu? Mutanen nan duk wanda ya soka biro a aljihu duktur ne a wurinsu. Ki zaunar da ita bayan la'asar kullum, ku yi bita. In na gama wannan babin zan karɓe ki."

Indo mace ce mai tsari. Washegari ta shimfiɗa tabarma a falo, ta fito da littattafan, ta kuma sayo kwalba guda ta asaliyya a shagon ƙasan bene, alewar nan mai danƙo da ake yi da ruwan rake. Ta kafa doka: duk shafin da aka gama, alewa ɗaya. Khairat ta riƙa sa ta a baki tana tsotsa a hankali, daga la'asar har magariba.

Mako na farko abin ya tafi daidai. A na biyu Khairat ta fara jan jiki. Tana rubutu, sai ta tallabe kuncin dama da hannu.

"Cire tagumin nan," Indo takan ce. "Uwarki da ubanki suna raye, me ya kawo tagumi?"

Ta cire. Jim kaɗan hannun ya koma.

Ta daina gama abinci. Gurasa sai ta jiƙa ta a shayi. Ruwan firiji da take faɗa a kansa, yanzu sai ta ajiye kofin ya huce. Littafin makaranta kuma ya fara dawowa da jan biro fiye da da, abin da ya ƙara tabbatar wa Indo cewa malamar gaskiya ta faɗa. Hankalinta ya tashi. Tana wanke-wanke tana tunani: ko Larabcin ne ya yi wa yarinyar yawa, ko ido ne, ko ita ce ba ta iya koyarwa ba. Sai ta ƙara lokacin bita, ta ƙara alewa, ta mai da ita biyu a kowane shafi.

Ranar Juma'a ta mako na uku, Malam ya tafi masallaci, sai ga Awadiyya ta hawo tana haki. Maƙwabciyarsu ce ta hawa na biyu, mai yi wa amare lalle. Kakanninta daga Katsina suka tashi za su Makka, suka zauna a Sudan, yaƙi kuma ya koro ta Alƙahira. Hausarta tana nan daram, sai ɗan Larabci da take yayyafa mata. Ta shigo da jug na zoɓo mai ƙanƙara.

"Benen nan naku zai kashe ni, ƙanwata. Ina amaryata? Zo ki sha karkade, ki bar takardun nan, yau Juma'a."

Khairat ta karɓi kofin don ba ta iya ƙin Khala Awadiyya. Ta kurɓa sau ɗaya. Kofin ya suɓuce, zoɓo ya malale a kan tabarma da littafin lissafi. Ta dafe kunci da hannu biyu, hawaye suna zuba.

"Kin gani ko, Yaya?" in ji Indo. "Haka take tun da malamarsu ta ce darasinta ya lalace. Ban san yadda zan yi ba."

Awadiyya ba ta kalli littafin ba. Yarinyar take kallo.

"Malamar da Hausa ta faɗa miki?"

"Haba Yaya."

"To faɗa min yadda ta faɗa. Da bakinta."

"Ta ce mushkila fid-dars. Lazim duktur."

"Duktur." Awadiyya ta ajiye jug ɗin. "Da take faɗa, hannunta yana ina?"

Indo ta tuno ranar. Ta ga bakin ƙofar makarantar a zuciyarta, da yaran, da malamar, da yatsan da ta ɗora a kunci. A lokacin ta ɗauka irin yanayin maganar Misrawa ne, da ba sa magana sai da hannu.

"Kunna fitilar wayarki," in ji Awadiyya. "Khairat, ya bitti, 'yata, buɗe baki. Ba abin da zan taɓa, wallahi."

Can ciki, a ƙasa ta dama, haƙori na ƙarshe yana da rami baƙi a tsakiyarsa, da ɗan guntun alewa maƙale a gefe.

"Dirs ta ce miki, ba dars ba. Turmi." Awadiyya ta girgiza kai, sannan ta ga fuskar Indo, sai ta sassauta. "Ma'alish. Ai na nono ne. Wannan ya taɓa faɗuwa?"

"Bai taɓa ba. Na gaba huɗu kawai ta famfare."

"To khalas. Duk wanda bai faɗi ba na nono ne. Zai fita da kansa, wani ya tsiro. Ki sa mata kanumfari."

Indo ta so ta yarda. Amma an riga an faɗa mata magana sau ɗaya ta ce tamam ba ta fahimta ba. Ta durƙusa gaban 'yarta.

"Khairat, ke kin fi ni jin Larabcinsu. Ran nan kin gane abin da Abla ta ce?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Safa 'yar ajinmu ta ce da filaya ake cirewa." Kuka ya ƙwace mata. "Ta ce mutum biyu ne suke danne ka. Umma, na ga kin ce darasi, sai na ce bari in yi darasin."

"A makaranta sun ba ki takarda?"

Khairat ta jawo jakarta, ta zura yatsu ta wata ɓarakar da ke cikin shafin jakar, ta fito da takarda da aka ninke har ta koma kamar laya.

Ana haka Malam ya yi sallama. Ya ga zoɓo a ƙasa, ya ga fuskoki, bai tambaya ba. Indo ta miƙa masa takardar. Ya karanta a tsaye, sannan ya nemi kujera ya zauna.

"Abban Khairat, faɗa min. Da Larabcin tukuna, sannan da Hausa."

"Dirs da'im," ya ce. "Turmi na dindindin. Waɗanda suka duba ta a makaranta sun rubuta cewa yana fitowa ne wajen shekara shida, can bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye suke zaton na nono ne. In ya tafi, babu wani a ƙarƙashinsa." Ya duba ƙasan takardar. "Sun ce a kai ta asibitinsu a Giza cikin mako guda, kafin ramin ya kai jijiya."

"Yau kwana goma sha tara," in ji Indo.

Awadiyya ta dafe ƙirji. "Ya salam. Ni da na haifi biyar ban taɓa sani ba. Ku yafe ni, na kusa ƙara muku."

Malam ya daɗe yana kallon kalmar. "Da harafin lodi aka rubuta ta, ba da dal ba. Mu a allo lodi kamar lam muke fitar da shi, su kuma nasu kusa da dal yake, dole kunnenki ya ji dal. Ni kuwa shekara nawa ina koya wa mutane cewa wannan harafi daga gefen harshe yake fita, in ya jingina da turame. Da na ce ki maimaita min kalmar, da na tsaya. Sai na yi dariya na ci abincina."

Asibitin ba ya buɗewa sai Lahadi. Kwana biyun nan Indo ba ta san yadda suka wuce ba. Ta ɗauko kwalbar asaliyya za ta zubar, ta ga saura kaɗan a gindi, ta tsaya riƙe da ita a kicin tana kallo. Da hannunta ta miƙa kowace ɗaya. Ranar Asabar ta leƙa bakin Khairat da fitila ya fi sau biyar, kowane leƙe sai ta ga kamar ramin ya ƙara faɗi. Ta taɓa kuncin ta ji ko ya kumbura. Bai kumbura ba. Ta sake taɓawa.

Lahadi da sassafe suka hau mikrobas, ƙaramar bas, zuwa Abbasiya, suka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Malam ya fasa ganawar da zai yi da duktur ɗinsa. Khairat tana tsakaninsu, ta riƙe gefen hijabin uwarta har yatsunta suka yi gumi. A asibitin layi ya kai bakin matakala, yara suna kuka a bayan ƙofofi, wani injin yana ƙara kamar sauro. Duk ƙarar da ya yi sai Khairat ta ƙara matse hijabin.

Wanda ya karɓe su wani likita ne mai suna Husam, mai furfura kaɗan a gemu. Malam ya fara yi masa bayani da Larabcin littafi, da wasali cikakke, har wata ɗaliba da ke tsaye ta rufe baki tana murmushi. Likitan ya fara amsawa da sauri irin tasu. Indo ta ɗaga hannu.

"Duktur, a hankali," ta ce da ɗan Larabcinta. "Ni uwarta. Kalma, kalma."

Ya dube ta, ya gyaɗa kai. Daga nan duk abin da ya faɗa sai ya tsaya, Malam ya juya shi Hausa, Indo ta maimaita.

Aka ɗauki hoton haƙorin. Likita ya nuna musu a allon kwamfuta: ga turmin fari, ga inuwa baƙa ta gangaro daga sama, ga jijiya a ƙasa. Tsakaninsu ɗan siririn farin layi ne.

"Abin da ya rage ke nan," ya ce. "Hoto ba ya faɗin komai duka. Sai na buɗe na share zan sani. In ruɓar ba ta kai jijiya ba, mu cike, ya zauna. In ta kai, aikin yana da wuya, don saiwar haƙorin ba ta gama girma ba a shekarunta. Za mu yi ƙoƙari, amma wani lokaci ƙarshensa cirewa ne."

Khairat ba ta jira fassara ba. Ta ce da Larabcin Misra tsantsa, "Ina filayar?"

Likita ya yi dariya, ya jawo farantin kayan aikinsa gabanta. "Nemo ta. In kin samu, taki ce." Ta duba ɗaya bayan ɗaya, babu. Ya ba ta ƙaramin madubi ta riƙe, ya ce in ta ji zafi ta ɗaga hannun hagu, zai tsaya. Ya shafa mata wani abu a dasashi, ya yi allurar kashe zafi tana kallon silin. Hawaye ɗaya ya gangaro ya shige kunnenta.

Injin ya fara ƙara. Indo tana tsaye a ƙarshen kujerar, ta riƙe ƙafar 'yarta ta saman safa. Ta fara karanta abin da ya zo bakinta, ta kai tsakiyar sura ta manta inda take, ta koma farko. Ba ta iya ganin cikin bakin, sai ta riƙa karanta bayan wuyan likitan da kafaɗunsa. Ya ajiye injin, ya ɗauki wani ɗan ƙarfe kamar cokali, ya ci gaba da hannu a hankali. Ya tsaya. Ya ce wa ɗalibar ta gyara fitila. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Alhamdu lillah," ya ce a ƙarshe. "Ba ta kai ba."

Wannan karon Indo ba ta nemi fassara ba. Ɗalibar ta turo mata kujera, ta zauna.

Ya sa magani a gindin ramin, ya cike. Da ya gama ya cire safar hannu, ya ce kada su ɗauka an gama gaba ɗaya. Ramin ya yi kusa ƙwarai, jijiyar tana iya jurewa, tana iya kasawa. Su dawo bayan wata uku a sake hoto. In haƙorin ya fara ciwo da kansa ba tare da an sha sanyi ba, ko kunci ya kumbura, su zo a ranar. Mako mai zuwa kuma su kawo ta a shafa wa sauran turame ukun wani abu da ke toshe tsagoginsu, don su ma na dindindin ne.

Sannan ya ɗauko wani ƙaton baki na roba da burushi, ya nuna wa Khairat yadda ake kai burushi har can ƙarshe. Sau biyu a rana, da safe da kafin kwanciya, da man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar wake. Ta tofar, kada ta kurkure baki da ruwa. Uwarta ta bi bayanta ta sake gogewa, don hannun ɗan shekara bakwai ba ya kaiwa ko'ina.

"Asuwaki fa?" in ji Malam. "Mu da shi muka tashi."

"Yana da kyau, ya Shaikh, kada ka bari. Amma ita a haɗa mata da burushi da man."

Indo ta matso gaba. Ta ce wa mijinta ya faɗa masa maganar alewar, duka, kada ya rage. Likita ya saurara, bai ɗaga murya ba. Ya ce ramin ya riga alewar, ita dai ta hanzarta shi. Abin da ya fi cutarwa shi ne a wuni ana tsotsa. In za a ba ta zaƙi, a ba ta tare da abinci sau ɗaya, ta sha ruwa a kai.

Da suka iso gida Awadiyya tana jiransu a matakala.

"Yaya ake ciki? Haƙorin yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Sai bayan wata uku za mu san sauran."

"Allah ya zaunar da shi. Ni ma gobe zan buɗe bakin jikokina in ƙirga. Amaryata, sun danne ki?"

"Babu filaya, Khala," in ji Khairat, leɓenta ɗaya bai gama farfaɗowa ba. "Safa ƙarya take yi."

Bayan la'asar Indo ta shimfiɗa tabarmar kamar kullum, babu kwalba. Ta sa alama a kalandar bango a ranar da za su koma, ta daɗe tana kallon tazarar. Malam ya zauna, ya rubuta kalmomi biyu a takarda, ya ce wannan karon uwar ce ɗaliba.

"Dars," ya ce.

"Dars."

"Yanzu ɗaga gefen harshe ki jingina shi da turame. Dirs."

Indo ta gwada, ya fito wani iri. Khairat ta fashe da dariya, ta ce, "Umma, ba haka ba," ta faɗa mata daidai. Da ta gama, sai ta kai harshenta can ciki a hankali, ta lalubi wurin da aka cike, ta ji shi sumul.

Khairat ta gane cewa haƙoran gaba da suka faɗi sun dawo, amma wannan na can ciki sau ɗaya ake samunsa, kuma in ya sake yi mata ciwo, ranar za ta faɗa wa Umma, da Hausa.